Shekarar da Na Kankare Zanen Uban Madam Roza

Ku 'ya'yana kun taso da labari guda a kan gidan kwale-kwalen nan na Coney Island, cewa masu kuɗi ne suka zo da katafila suka rushe wurin aikin babanku. Na ji Hadiza tana ba wa baƙi shi haka ranar sunan ɗanta, har da ɗaga murya, ni kuma ina gefe ina shan shayi ban gyara mata ba. To, katafila ta zo, wannan gaskiya ne. Amma kafin ta zo akwai wanda ya riga ya share mata hanya, kuma shi ne yake rubuta muku wannan. Mahaifiyarku ta sani, kawunku Idi ya sani, duk sun rufa mini asiri. Yanzu gemu ya yi fari, ba na son ku ci gaba da tsine wa mutane a kan laifin da hannuna ya yi.

Sai na fara da sana'a, don idan ba ku san yadda aka koya mini aiki ba za ku ɗauka hauka na yi. A garejin Malam Sani Mai Zaki na tashi, a Kano, inda ake yi wa gingimari bodin katako a turo mana mu yi mata ado. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashinsa. Mutum ne mai faɗa, da buroshi yake jifa idan layi ya karkace, amma hannunsa babu irinsa. Zakin da ya zana a bayan mota, direban da ke biye sai ya rage gudu ya kalla. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ba a ɗora sabon fenti a kan tsoho. Sai an sa makankari an kankare, an bi da samfefa har katako ya fito fari, sannan a fara. Wanda ya shafa a kan tsohon fenti, a wurinsa macuci ne, don damina ɗaya zai ɓare. Ta biyu, ba ya zana ɗan Adam. Zaki, mikiya, ɗawisu, dabino, fure, ko nawa kake so, amma fuskar mutum sai dai ka nemi wani garejin. Kuma a wurinmu fenti ya koɗe abin kunya ne ga mai mota. Sallah na matsowa za ka ga motoci sun yi layi, kowa yana son ya shiga garinsu da sabon ado. Ban taɓa jin wanda ya ce a bar masa tsohon zane don shi ya fi so ba.

Da na zo New York babu mai neman mai fentin gingimari. Tebur na kafa ina sayar da tabarau da huluna kamar kowa. Muna zaune a unguwar Mount Hope, hawa na biyar, ni da mahaifiyarku da ku uku kuna ƙanana, ga ƙaninta Idi yana kwana a falo. Lokacin zafi sai in ɗauki kayana in hau jirgin ƙasa layin D daga titin Grand Concourse in zauna har ƙarshen layi, wajen awa ɗaya da rabi, don a bakin teku tabarau ya fi tafiya. Na kafa tebur daura da wani dogon ginin katako mai allo a sama, rabin haruffan sun ɓare. Kwana uku ina kallon allon nan yana ci mini rai. Rana ta huɗu na tsallaka na samu tsohuwar da ke yanka tikiti, da ɗan Turancina na ce mata ni mai fenti ne, ta ba ni tsani kawai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce idan na faɗo babu ruwanta. Wannan ita ce Madam Roza, mai wurin. Washegari da ta ga allon ta ce in naɗe teburina in zo aiki. Shekara tara na yi mata.

Kun shiga kuna yara, amma na san kun manta yadda yake. Ba irin lilon nan ba ne mai juya mutum har ya yi amai. Kwale-kwale ne ƙanana, kowanne yana ɗaukar mutum huɗu, a kan ruwa iya gwiwa, inji yana tura ruwan a hankali. Ka shiga ta wata ƙofa mai duhu, sai warin jiƙaƙƙen katako ya buge ka, sai ka ratsa ɗakuna bakwai, kowanne ƙasa guda. An zana ƙasashen a kan manyan allunan katako, an yanka wasu an jera gaba da baya, fitilu ja da kore suna haska su daga ƙasa. Akwai duwatsun ƙanƙara, akwai dalar Masar, akwai ƙasar Sin da rufinta mai lanƙwasa. Akwai wani birni na Italiya wanda titunansa duk ruwa ne, da gada da benaye masu tagogi. Akwai kuma ɗakin da aka rubuta wa Afirka, inda damisar Indiya mai ratsi-ratsi take tsaye kusa da raƙumi kamar 'yan gida ɗaya. Minti shida ka zagaya duniya ka fito ka ga rana. Uban Madam Roza ne ya zana su duka da hannunsa, tun tana 'yar ƙarama, bayan ya zo daga Italiya. Ranar da na fara aiki ta tsayar da ni a bakin ƙofar ta ce:

"Waje naka ne, Garba. Allo, kwale-kwale, shinge, yi yadda kake so. Ciki na babana ne. Ƙura kawai za ka kaɗe, da buroshi mai taushi."

Na ce to. Amma a raina na ɗauka rowa ce, ko kuma ba ta yarda da hannuna ba. Don wallahi zanen ya mutu. Shuɗin sama ya koma ruwan toka, fenti ya tsattsage kamar ƙafar mai kaushi, danshi ya ci gindin allunan. Kullum da safe kafin a buɗe, ita take fara shiga kwale-kwale ita kaɗai ta zagaya sau ɗaya. Na ɗauka duba injin take yi.

Akwai wasu mutane da suke zuwa, ban gane kansu ba a lokacin. Tsofaffi ne, mata da miji, wasu daga jihohi masu nisa. Sai su tsaya a filin ajiye motoci na kusa da mu suna nuna kwalta da yatsa, ɗaya ya ce a da nan dawakan katako suke juyawa, ɗayan ya ce a'a, nan gidan madubai ne, dawakan suna can. Har musu suke yi a kan wurin da babu komai. Sai su shigo namu su zagaya sau biyu, sau uku, su fito ido ya yi ja. Wani dattijo ya taɓa riƙe hannuna ya ce a ɗakin duwatsun ƙanƙara ya nemi auren matarsa, kuma ko tsagar da ke jikin dutsen tana nan yadda ya bar ta. Ni kuwa kunya ta kama ni. Na ɗauka gori yake mini, a ce da mai fenti a wuri amma tsaga ta shekara hamsin ba a toshe ta ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce ta taran. Ƙasar da ginin yake kai ba ta Madam Roza ba ce, haya take yi, kuma a lokacin sanyin shekarar aka sayar da ita. Sababbin masu fili suka ba da wa'adin tashi. Hanya ɗaya ta rage. Akwai wani kwamiti na masu adana kayan tarihi, idan suka zo suka tabbatar wurin tsohon aiki ne na asali, za su tsaya masa, ko a hana rushewa ko a kwashe allunan a kafa su a wani wuri. Tsofaffin nan masu nuna kwalta su ne suka yi ta rubuta takardu har aka sa ranar zuwa, sati uku kafin a buɗe wasannin bazara. Ana saura kwana ashirin, Madam Roza ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidanta ta karya ƙugu. Na je asibiti gaishe ta, ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro makullai ta miƙo mini. Tunda nake da ita ba ta taɓa ba ni makullin ciki ba.

"Ka share, ka wanke ruwan, ka canja fitilun da suka mutu," in ji ta. "Na Baba kada ka taɓa. Ka ji ni?"

"Na ji, Madam."

Ina son ku lura da wannan. Ba rashin jin Turanci ba ne, ba kuskuren fahimta ba ne. Ta faɗa, na ji, na amsa.

Kwana biyu na yi ina shara. Da na canja fitilu, haske ya ƙaru, sai munin abin ya fito fili. Na zauna a kwale-kwale a ɗakin Italiya ina kallo, na ce yanzu manyan mutane za su zo su ga wannan? Wa zai tsaya wa abin da mai shi ma bai kula da shi ba? Da magariba muna cin tuwon semo na kawo maganar a gida. Kawunku Idi ko hannu bai cire daga kwano ba ya ce:

"Yaya, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Baƙi za su zo gidanka ka tare su da bango duk tsaga? Ko a ƙauye ana shafe kafin biki. Tsohuwa ce, ba ta da ƙarfi, Allah ya kawo mata kai. Ka fitar da ita kunya."

Mahaifiyarku a lokacin tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta fi mu sanin mutanen. Ta ajiye ludayi ta ce:

"Baban Hadiza, kada ka yi. Tsohuwar da nake wa aiki a Parkchester, akwai kujerar da ƙafarta ɗaya ta karye, mijinta ne ya saya. Ranar da na ce a kira kafinta, kwana ta yi ba ta yi mini magana ba. Mutanen nan tsufan abin suke so."

"Kujera daban, zane daban," na ce. "Ke me kika sani a fenti?"

"Ban san fenti ba. Na san makulli aka ba ka, ba a ba ka buroshi ba."

Idi ya yi dariya ya ce Yaya Hajara ta zama Baturiya. Ni ma na yi dariya. Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa ko ita ba. Ba don in fitar da Madam Roza kunya kaɗai na yi ba. Shekara tara ina fentin shinge da gindin kwale-kwale, ni da na yi wa motoci ado daga Kano har Agadas ana tambayar wane ne ya zana. Ina son manyan mutanen nan su shigo su tsaya su ce, wane ne ya yi wannan? Ina son a nuna ni. Girman kai ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Na sayi fenti na shiga. Na yi aiki yadda aka koya mini, ban ha'inci kowa ba. Allo bayan allo na sa makankari na kankare, na bi da samfefa har katako ya fito fari, na toshe tsaga, na shafa farin ƙasa, sannan na fara. Garin tsohon fentin da na share ya cika buhu huɗu, na kai bola da kaina. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba. Ina isa da hantsi in kunna rediyo, ba na sanin azahar ta yi sai cikina ya yi ƙugi. Na bar kowace ƙasa a inda take, amma na ba ta launi irin namu, ja ya zama ja, kore ya zama kore. Na zagaye kowane allo da furanni irin na bodin mota. A ɗakin Afirka na kori damisar Indiya, na sa zakin Malam Sani a ƙarƙashin kuka, da rumbu da dabino. Mutanen da tsohon ya zana nan da can, masu tuƙa jirgi da masu leƙe ta taga, duk na cire su, don ni ba na zana mutum. Inda mutum yake sai in sa tsuntsu ko tukunyar fure. A ɗakin Italiya, can sama a kusurwa, akwai wata taga da wata mace ta leƙo, duka-duka ba ta fi tafin hannuna ba, ta koɗe har da kyar ake gane ta. Bugu uku na yi mata da makankari. Na sa ɗawisu a wurin, jelarsa ta zubo har kan gada, kuma a duk aikin shi na fi alfahari da shi.

Ranar zuwan kwamiti na sa farar shaddata. Mutum uku suka zo, shugabarsu wata mace ce doguwa mai furfura da tocila a hannu. Ɗan 'yar'uwar Madam Roza ya kawo ta a keken guragu kai tsaye daga asibiti, ta rame, amma ta shafa jan baki. Ta ce ita za ta shiga gaba. Muka ɗaga ta muka sa a kwale-kwalen farko, na zauna kusa da ita ina riƙe da ita, baƙin suna na biyu. Na ba da hannu aka kunna inji.

Muna shiga ɗakin farko na ji jikinta ya ƙage. Ban damu ba, na ce mamaki ne. Ɗaki na biyu, shiru. Na uku, shiru, sai ƙarar ruwa. Ina ta satar kallon fuskarta ina jiran murmushi. A baya kuma hasken tocila yana yawo a kan allunan. Da muka shiga ɗakin Italiya ta ɗaga kai sama wajen kusurwar nan, ta ɗaga hannu rabi, kamar mai shirin gaisuwa, sai hannun ya tsaya.

"Garba, ina mamata?"

"Wace, Madam?"

"A tagar can. Ina mamata?"

Kwale-kwale ba ya tsayawa, ruwa ya wuce da mu ɗaki na gaba tana waiwaye. A nan, a gaban zakina, ta gaya mini. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara huɗu. Ba su da hotonta ko ɗaya, wanda suke da shi ya ƙone a gobarar wani gida da suka zauna. Ubanta ya zana ta daga ka, ya sa ta a tagar, ya ce ga ta nan duk lokacin da kike son ganinta. Zagayen da take yi kowace safiya ke nan. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ni dai na ji kamar in nutse a ruwan nan da bai wuce gwiwa ba.

Da muka fito, shugabar kwamitin ta ja ni gefe. Mace ce mai kirki, ba ta wulaƙanta ni ba. Ta ce kada a yanke ƙauna, suna da masu aikin da suka iya ɗaga sabon fenti a hankali su fito da na ƙasa. Ta tambaye ni wane iri na shafa a kai, kuma shafi nawa. Ku ji amsar da babanku ya ba ta. Ko a lokacin, da duk abin da na ji a ciki, bakina ya riga hankalina, na amsa kamar Malam Sani ne yake tambayata:

"Ba na ɗora sabo a kan tsoho. Sai da na kankare har katako."

Ta dube ni ta daɗe. Ta kashe tocilarta ta sa a jaka.

Takardarsu ta zo bayan sati biyu. Sun ce ginin da kwale-kwalen ba su da wani abu na musamman, zanen ne abin adanawa, kuma zanen babu shi. Ban ga laifinsu ba. Tsofaffin nan suka bazama neman hotuna, amma Madam Roza ba ta taɓa yarda a kunna hasken kyamara a ciki ba, don kada ya ƙara cinye fentin, saboda haka duk hotunan duhu ne. A guda ɗaya aka ga tagar, da wani ɗan tabo fari a tsakiya. Wurin ya yi bazara ɗaya bayan haka kafin wa'adi ya cika, ɗan 'yar'uwarta yana yanka tikiti. Abin haushi, yara sun so sabon zanen. Layi har bakin titi, suna fitowa suna ihun zaki. Ku ma na kawo ku, kuka yi ta tsalle kuna cewa Baba ne ya yi, wannan ne kaɗai abin da kuke tunawa. Dattijon duwatsun ƙanƙara ya zo sau ɗaya, ya zagaya, ya fito ya wuce ni. Da sanyi ya fara shigowa katafila ta zo, kwana biyu ta gama.

Madam Roza ba ta kore ni ba, ba ta kai ni ƙara ba, ko da yake ɗan 'yar'uwarta ya so. Ba ta sake taka wurin ba. Daga asibiti gidan kula da tsofaffi aka kai ta, a Brooklyn. Ni kuwa na koma teburin tabarau, na yi wata biyar ban je gaishe ta ba, kunya ta hana ni. Mahaifiyarku ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Wata Lahadi da safe sai na ga ta soya cincin ta zuba a roba ta ajiye a gabana.

"Tashi ka je," ta ce. "Tsohuwa ce, ba jiranka za ta yi ba."

Na same ta a bakin taga da bargo a ƙafa. Na durƙusa yadda ake yi a gida, na ce na ci amana, ta yafe mini. Ta ce in tashi, ma'aikata suna kallo, za su ɗauka aurenta na zo nema. Ta ci cincin ɗaya ta ce ya yi tauri. Can ta ce:

"Kai ne na ƙarshe da ya gan ta kusa. Ni daga ƙasa nake hango ta, kai ka hau tsani. Zana mini ita."

Na ce mata ban taɓa zana fuskar mutum ba a rayuwata. Ta ce ta lura. Na ce kuma ban kalle ta ba, Madam, bugu uku na yi mata. Ta ce to in gwada tunawa.

Ban tambayi kowane malami ba, na sayi ƙananan allunan katako na fara. Kowace Lahadi bayan azahar in hau jirgi in kai mata guda. Mutumin da ya ƙware a gashin zaki, sai ga shi yana fama da hanci kamar sabon ɗan koyo. Na farko ta yi dariya har da tari, ta ce wannan ai mai sayar da kifi ce. Ina tambayarta, tana gaya mini. Gashin baƙi ne, an ɗaure shi baya. Akwai jan mayafi a kafaɗa. Hannu ɗaya a kan katakon tagar. Wannan duk na yi. Amma da mun zo kan ido da baki sai ta tsaya, ta ce in ƙara faɗi, wani satin ta ce in rage. Wata rana ta ajiye allon a cinya ta ce:

"Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Shekara saba'in ina ganinta kullum, ban taɓa zama na haddace ta ba. Na ɗauka tana nan."

Na kai mata goma sha huɗu. Kafin na goma sha huɗun ƙarfinta ya ƙare, ba ta tashi daga gado, idonta ma ya yi rauni, sai ta kawo abu dab da hanci. Na miƙa mata, ni kaina na san bai fi na baya ba, watakila ma na tara ya fi shi. Ta riƙe shi ta daɗe tana dubawa, ta shafa da babban yatsa. Sannan ta dube ni, ni ba allon ba.

"Ita ce," ta ce. "Ka huta haka, Garba. Kada ka sake kawo wani."

Na ce, "Madam, kin tabbata?"

"Na ce ita ce. Jingina mini ita a can inda zan gan ta."

Na jingina allon a jikin kofin ruwa a kan teburin gefen gado. Ni da ita duk mun san ba ita ba ce. Ta rasu kafin Lahadi ta zagayo.